Ƙwaron da Ya Kusa Jawo wa Adar Gobara

Mun tashi da asuba daga Tawa, muna sallame salla muka faɗa mota, ko kunu ban tsaya sha ba. Mu uku ne. Ni, mai aikin allurar dabbobi a ma'aikatar kiwo. Da direbanmu, wani mutumin Madawa wanda bakinsa ba ya hutawa. Sai baƙon da aka turo mana daga Yamai, masanin ƙwari ɗan ƙasar Dahomai, wanda ya yi karatunsa a Dakar. Ku abokan aiki da 'yan majalisa da kuka dame ni da tambaya tun da na dawo, ga labarin nan daga tushe, in huta da maimaita shi a kowane bakin titi.

Abin da ya tayar da mu saƙo ne daga wani ƙauye arewa da Takanamat. Mai garin ya aiko mutum a kan raƙumi cewa shanu suna faɗuwa. Saniya tana kiwo lafiya lau da hantsi, kafin azahar ciki ya kumbura, ga kumfa a baki, sai dai a nemo wuƙa. Mutanen garin sun ce sun san mai laifin: wani ƙwaro ne mai kama da tsinken ciyawa, wanda dabba ke haɗiyewa ba ta sani ba. Samari sun yanke shawara, da zarar an gama kwashe gero daga gonaki za su cinna wa dajin wuta, su ƙone shi da zuriyarsa. Mai gari ya hana, amma ya ce hanin nasa ba zai yi nisa ba in wata saniya ta sake faɗuwa.

Da tsoro biyu na shiga motar nan. Na farko saifa, cutar da ke kayar da dabba farat ɗaya, ta kuma kama mutumin da ya ci naman ko ya feɗe fatar. In ita ce, sai an rufe kasuwannin dabbobi, kuma ni za a sa in faɗa wa mutane haka. Na biyu wuta. Bana Allah ya ba da ciyawa a arewacin Adar irin wadda aka daɗe ba a gani ba, ta bushe a tsaye, ita ce abincin dabbobin ƙasar har ruwan baɗi. Ina yaro na taɓa ganin gobarar daji, kuma na ga bazarar da ta biyo bayanta, lokacin da mahaifina ya riƙa sayar da shanunsa a kuɗin fata. Wanda ya ga wannan ba ya son ko jin ƙaurin hayaƙi a kaka.

Motar tamu tsohuwar Landiroba ce da Nasara suka bari. Tun da muka karɓi mulkin kanmu ba abin da aka sake mata sai 'yar tutar da aka zana a ƙofa. Muna fita gari muka hau jan tudu mai tsakuwa, tana ƙara kamar an zuba cokula a kwano. Amma ƙasar ta yi kyau. Ko'ina dammunan gero a jingine, jakai na kai da komo, maza na yaɓe manyan rumbunan laka irin na Adar, waɗanda daga nesa sai ka ɗauka tulunan ƙattai ne aka jera. Baƙonmu ya tambaye ni ko a ciki mutane ke kwana. Na ce a'a, wanda ya fi mutane daraja ke kwana ciki.

Da hantsi muka tsaya wani ƙauye muka karya. Wata mata na suyar cecena, wato ƙosai, a gindin aduwa, na dala ɗaya ya ishi mutum biyu, abin da a Tawa sai dai ya tsokano maka yunwa. Na gargaɗi baƙon a kan yajin matar, ya ɗanɗana, ya miƙa ganye a ƙara masa. Ashe mu Adarawa a wajen barkono almajiran mutanen kurmi ne. A nan ne kuma ya fara fito da kayan aikinsa, wata koma ta farin ƙyalle a bakin sanda, ya shiga ciyawar gefen hanya yana sharar iska da ita, da gajeren wando da malafa. Direba ya dube shi ya ce yau ga masuncin tudu. Sunan ya bi shi har muka dawo, shi kuwa da na fassara masa ya yi dariya har da tafi. Ƙarangiya ce ta koro shi. Ya dawo yana ɗingishi, safarsa ta zama bushiya.

Da muka ci gaba, na tambaye shi yadda masana ke sanin ƙwaro daga ƙwaro, tunda kowane gari da sunan da yake kiran abu. Nan fa na taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce duk wani mai rai da masana suka sani yana da suna mai kalma biyu a harshen Latin, tsohon harshen da ba mai cinikin kasuwa da shi yanzu, don kada wata ƙasa ta ce an fifita wata. Kalmar farko ta gidan da ƙwaron ya fito ce, ta biyu tasa ce shi kaɗai, kamar dai a ce wane na gidan wane, sai dai su gida suke sawa gaba. Wanda ya fara bayyana kamannin ƙwaron a rubuce shi ke raɗa masa suna, a ajiye gawarsa a wani babban gidan ajiya ta zama shaida, kuma in an raɗa ba a sakewa, ko da daga baya an ga sunan bai dace ba. Na juya wa direba bayanin. Ya ce shi duk ya gane, abu ɗaya ya rage: wa ke yanka ragon?

Bayan tsakuwa sai rairayi. Motar ta yi ta nishi har ta kafe a wani kwari, ƙafafun baya suka nutse. Muka tona, muka shimfiɗa rassan sabara, ba ta motsa ba. Wasu Buzaye masu raƙuma da ke kan hanyarsu ta komowa daga arewa suka sauko suka sa mana hannu, ta fita. Ba su bar mu mun wuce ba sai da muka sha shayi, suka kuma kakkarya mana cuku. Na yi wa babbansu kwatancen ƙwaron, ya ce ya san shi sarai, su ma kakanninsu sun ce yana kashe raƙumi. Ya faɗi sunansa da Buzanci, harshena ya kasa ɗauka. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin raƙumin da ya kashe da idonsa. Ya gyara rawani ya ce bai gani ba, amma bai ga dalilin da zai sa ya gwada da nasa ba. Maganarsa kuwa ba ta wauta ba ce.

A Takanamat muka gai da hukuma, muka cika tulun motar a rijiya mai zurfin da guga ke daɗewa kafin ka ji ƙararsa, muka sha fura da nono mai sanyi. Kowa a garin ya ji labarin ƙwaron, kuma kowa da sunan da yake ba shi. Wani ya ce kara mai ƙafa, wani ya ce tsinken aljanu, wata tsohuwa ta ce su a gidansu ba a faɗin sunansa sam. Masanin ya sa na maimaita masa kowanne a hankali. Ni kuwa hankalina na wajen iska. Tana busowa daga gabas, busasshiya, irin wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

La'asar sakaliya muka isa ƙauyen. Tun kafin a kawo mana ruwa na nemi mahaucin garin, don shi ya feɗe shanun. Na tambaye shi saifarsu, ya ce lafiyayya ce, ba ta kumbura ba, ba ta yi baƙi ba. Na tambaye shi jinin, ya ce ja wur, har ya fi na kullum haske. Naman fa? An ci, an yi kilishi da saura, ba wanda ko kansa ya yi ciwo, shi ma da ya yi fiɗar ga hannuwansa babu ko ƙurji. Ya juya min su in gani. Jama'a, ban san sanda na zauna a kan turmi ba. Dabbar da saifa ta kashe jininta baƙi ne kamar kwalta, kuma da ita ce da yanzu ana zaman makoki a garin nan. Rabin kayan da na ɗauko daga Tawa na sauke a gindin turmin nan. Sauran rabin dai yana nan, don har lokacin ban san abin da ke kashe shanun ba.

Makiyayin da saniyarsa ta fara faɗuwa ya ba ni labarin yadda aka yi. Da ya buɗe bakinta ya tarar da ƙwaron cikin ciyawar da ba ta haɗiye ba, yana motsi. Daga nan magana ta tashi. Bana kuma ƙwarin sun yi yawa fiye da kowace shekara, har a dangar gida ana ganinsu.

Washegari da safe muka fita neman mai laifi. Na daɗe ina dube-dube ban ga komai ba, sai masanin ya kama hannuna ya nuna min wani reshen ciyawa. Na ce ciyawa ce. Ya hura mata iska, sai ga wani sashe nata ya ɗaga ƙafa ya taka. Tsarki ya tabbata ga Allah! Tsawonsa ya kusa taƙi, siriri kamar tsinken tsintsiya, launinsa na busasshiyar ciyawa sak, har da gaɓoɓi irin na kara. Ƙafafunsa shida, na gaba biyu yakan miƙe su su haɗe da kai, sai ka rasa ina ne gaba ina ne baya. In ya tsaya yana rangaji a hankali kamar iska ce ke kaɗa shi. Ba ƙoƙi-ƙoƙi ba ne, don wancan yana da hannuwan kamu yana cin 'yan uwansa ƙwari, wannan kuwa ganye kawai yake ci. Masanin ya ɗora shi a tafin hannuna, ya ba ni madubin ƙara girma. Ba ƙari irin na kunama, ba haƙori, bakin ɗan mitsitsi. Ya ce ƙwaron ba shi da wani makami a duniya sai ɓuya. Ya ce ƙwansa ma kamar irin ciyawa yake, kuma a kurmin ƙasashen ruwa akwai danginsa da in sun miƙe ƙafa sukan kusa kamu guda. Na ce to Allah ya bar su can.

Da hantsi mai gari ya tara jama'a a rumfarsa. Ga liman, ga dattawa, ga samari a tsaitsaye a baya fuska ba walwala, mata kuma ta bayan danga. Masanin ya sa ƙwaron ya hau hannunsa, ya bi wuyansa, ya tsaya a kan malafa, mutane suna ja da baya suna salati. Yana bayani da Faransanci ina juyawa, kuma na ga alamar maganar tana shiga. Sai mai gari ya yi tambayar da ta kusa ɓata komai.

"To likita, tunda kun ce kun san shi, mi ne sunanshi ga takardunku?"

Masanin ya ji daɗin tambayar. Ya ce sunan wannan ɗin kansa bai tabbatar ba tukuna, amma dangin gaba ɗaya sunansu ya fito daga wata tsohuwar kalma, Fasma. Mai gari ya ce mi take nufi? Shi kuwa bawan Allah, da murmushinsa, ya faɗi ma'anar da Faransanci. Na ji kamar an zuba min ruwan sanyi. Na tsaya ina laluben yadda zan kewaye kalmar, ashe a cikin dattawan akwai wani tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi a ƙasashen waje. Ya miƙe da sandarsa.

"Hwatalwa yac ce! Na ji da kunnena. Su kansu Nasara hwatalwa suka ce mishi!"

Wuri ya kaure. Samari suka fara cewa ai ga shi nan, me ake jira. Wani har ya juya ya nufi gida, kuma na san ba ruwa zai ɗebo ba. Masanin yana tambayata me ya faru, ban ma saurare shi ba. Na ɗaga murya na ce tsohon soja bai yi ƙarya ba, haka kalmar take, amma an ba shi sunan ne saboda yadda yake ɓacewa a gaban idonka, ba don yana cuta ba. Ba wanda ya ji ni. Liman ne ya cece mu. Ya buga carbinsa a buzu har aka yi shiru, sannan ya nuna wani ƙaton saurayi a cikin masu hayaniyar.

"Kai, uwarka da ta gaji da binne ɗiya, mi tas sa maka?"

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce Ajuji.

"To ga juji kake kwana? Suna dai suna ne. A bar baƙi su ƙare magana."

Aka yi dariya, wuta ta ɗan lafa, amma ba ta mutu ba. Tsohon soja ya ce shi dai magana ba ta cika masa ciki, in ƙwaron ba ya kisa a ba saniya ta ci a gaban kowa. Masanin ya yarda nan take. Sai dai saniyar wa? Masu garke suka shiga duban ƙasa. Can sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bayan danga, gwauruwa ce mai saniya ɗaya tak, da nononta take ci da jikokinta. Ta ce a kawo tata. Na matsa kusa da dangar na ce, "Inna, ki yi tunani." Ta ce, "Ɗana, na yi. In anka ƙone ciyawa, saniyata ta mutu ga bazara, ƙashi da hwata. In ƙwaron ga na kisa, ta mutu yau da kitsenta. Wanne ya hi?"

Aka kawo saniyar, wata ja mai farin goshi. Aka dama dusa da kanwa, masanin ya zuba ƙwarin da muka kamo a ciki, ba ɗaya ba ba biyu ba, ta lashe ƙwaryar tas tana neman ƙari. Aka ɗaure ta a inuwa, gari duka ya zauna yana kallonta. Ni na yarda da masanin cewa ƙwaron ba ya kisa. Abin da ke cina shi ne, abin da ya kashe sauran shanun har yanzu yana nan, ban san shi ba. In saniyar nan ta riga ta ɗauko shi jiya a daji, ta faɗi yau a gaban jama'a, ba limamin da zai iya tare wutar.

Zaman ya gagare ni. Na roƙi makiyayin nan ya kai ni duk inda shanun da suka mutu suka yi kiwo a ranakunsu na ƙarshe. Aka ba mu raƙuma. Ni rabona da raƙumi tun ina ɗan makaranta, kuma wanda aka ba ni ya gane haka tun daga tashi. Muka bi ta tudu, muka gangara, muka wuce wani busasshen tafki, ba abin da na gani sai ciyawa mai kyau. Har na fara fid da rai, sai ya ce akwai wani ɗan kwari can gaba da shanun kan zame su shiga in rana ta yi zafi, shi ba ya bin su, yakan jira su fito. Na ce mu je.

Muna hawa bakin kwarin na ga kore shar a tsakiyar ƙasar da duk ta bushe. Gona ce ta dawa, wani ya share ta bana karon farko, ya girbe ya tafi. Bayan girbin wani ruwan ƙarshe ya sauka a wannan gefen kaɗai, bai kai gari ba, kututturan dawar suka sake tofo. Gyauro ne, ɗanye, rana ta fara dafa shi ya yi yaushi. Ga sawun shanu ko'ina, ga inda suka datse shi. Makiyayin ya sauko daga raƙumi ya tsaya ya riƙe baki. Ba sai na yi masa bayani ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda a bayan shanu ya san gyauron dawa mai yaushi guba ne, yana kumbura ciki ya kashe cikin sa'a kaɗan. Ba wanda ya kawo shi a rai ne kawai, don ba wanda ya san akwai shi. Muka tumɓuke dami guda muka ɗaure a sirdi. A hanyar komowa har waƙa na yi, raƙumin ma na yafe masa.

Mun tarar da jama'a inda muka bar su, saniya kuwa ta kwanta tana tuƙa, tana kallonsu kamar ita ce ta zo kallo. Tsohuwar ta ce kafin a kawo ta nan saniyar ba ta fita daga tsakar gida ba, jiya ma dusa ta ci a turke. Na jefa damin gyauron a gaban mai gari, makiyayin ya faɗi abin da muka gani da bakinsa. Dattawa suka riƙa karɓa suna shinshinawa suna girgiza kai. Mai gari ya ce a bar saniyar ta kwana tukuna, kada a yi gaggawa. Ta kwana, ta tashi, aka tatse ta. Tsohuwar ta dama fura da nonon ta aiko rumfar mai gari, kuma tsohon soja ne ya fara kai ludayi baki. Ya sha, ya goge gemu, ya ce shi dama fassara kawai ya yi.

A ranar samarin da suka yi shirin cinna wuta suka ɗauki hauya da gatari, wasu suka tafi kwarin suka tumɓuke gyauron suka kewaye gonar da ƙaya, wasu kuma mai gari ya sa su share faffaɗar hanya tsakanin gari da daji saboda gobara. Ni na duba sauran garken, na nuna wa makiyaya yadda za su yi in ciki ya fara kumbura kafin a kai ga wuƙa.

Masanin kuwa sai a lokacin ya samu sukunin aikinsa. Ya baje littattafansa masu zane, ya auna ƙafafu, ya ƙirga gaɓoɓin gashin kan ƙwaron, ya ce gidansu dai yana jin ya gane shi, amma wannan ɗin bai yi daidai da ko ɗaya a cikin zanen ba. Mai yiwuwa an san shi a wani littafin da ba ya hannunsa, mai yiwuwa kuma ba a taɓa raɗa masa suna ba. Sai ya aika da shi babban gidan ajiya a ƙasar waje an gwada da na can, abin da kan ɗauki shekara ko fiye. In ya tabbata sabo ne, shi ke da raɗin suna, kuma ya ce yana so ya sa sunan tsohuwar nan mai saniya, don a wajensu ba girmamawar da ta fi wannan. Na je na faɗa mata da murnata. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ni za a sa ma ƙwaro? Duk jikokina ba a samu mai sunana ba sai tsinke? Ka ce mishi na gode, shi nemi wani."

Da na kawo amsar, rumfa ta ɗauki dariya. Aka shiga shawara, wannan ya kawo, wancan ya ture. A ƙarshe liman ya ce tunda a ƙasar nan aka same shi, a sa masa Adar, ba mai jin haushi. Masanin ya ce ana yin haka, sai dai a ɗaura wa kalmar 'yar wutsiyar Latin a ƙarshe. Ya faɗi yadda za ta kasance, mai gari ya gwada sau biyu ya ce a bar wa masu shi. A 'yar takardar da ya maƙala wa ƙwaron ya rubuta wurin da aka kama shi, da irin ciyawar da yake kai, da duk sunayen da mutane suka faɗa mana a hanya, har da tsinken aljanu. Ya ce su ma sunaye ne, kuma sun riga nasa.

Mun baro garin da kaji biyu da mai gari ya ba mu, da tulun man shanu, da akwatin ƙwari wanda masanin ya rungume a cinya har Tawa, kamar mai jego. Motar ba ta kafe ba a dawowa, sai dai taya ɗaya ta yi faci kusa da gari, kaji suka tsere, muka bi su cikin gonar wake mu uku, ma'aikatan gwamnati. Da magariba muka shigo. Na kai rahoto a biro, wato ofishinmu, washegari, na faɗa wa shugabanmu ba saifa ba ce, kasuwa za ta ci yadda ta saba. Ya sauke numfashi ya ce in je in huta. Mahaifiyata ta tambaye ni wane aiki ne ya kai ni arewa haka, na ce mata belin ƙwaro na je yi. Ta ce boko dai bai bar komai ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Mu mun ba ƙwaron nan suna don muna tsoronsa, masana sun ba shi don ya ruɗe musu ido, kuma duka sunayen biyu sun kusa sa a ƙone abincin dabbobin ƙasa guda, alhali mai kisan na can cikin kwari, da sunansa da kowa ya sani tun yana yaro. Yanzu in aka kawo min ƙarar wata cuta da sunanta a shirye, nakan ce a kai ni inda dabbar ta yi kiwo tukuna. Ko ƙwaron zai samu sunan Adar ko ba zai samu ba, wannan sai abin da masu gidan ajiya suka ce. Ni dai na bar shanu suna kiwo, ciyawa na tsaye har iyakar gani, kuma tun da na dawo nake barci har sai an tashe ni.